Taga a Kwalin Sukari

Likitan ido a Garwa ya ɗaga sanda,
ya nuna harafi guda, na faɗa.
Ya gangara ga ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
su ma na faɗa.
Ya dubi babana: "Idon yaronka garau,
ya ma fi nawa."
Muka hau babur, muka bi gadar Binuwai,
Baba bai ce uffan ba har gida.
Da ya zane ni, da ya fi mini sauƙi.

To in ba ido ba ne, mene ne?
A lakwal Mushe Hamajam kan cika allo
daga sama har inda hannunsa ya gaji.
In na ɗaga kai sai in ga kasuwar Pitowa ranar Lahadi:
kowane baƙi da kiransa,
wannan ya ja min riga, wancan ya tare hanya,
layi na uku ya faɗa cikin na biyar.
In na cafki kan kalma,
wutsiyar ta sulale kamar tarwaɗa.
Da jan biro aka rubuta: ba ya mai da hankali.
Alhali na mayar, duk wanda nake da shi,
rabuwa ya yi gida ashirin
kowane gida ya sami abin da bai isa ba.

Gwaggo Tasalla ba ta taɓa taka lakwal ba.
Wata la'asar tana tsintar shinkafar Lagdo,
ta miƙo min faifai: "Ilu, taya ni."
Na zura ido, fari fat, ban ga tsakuwa ko ɗaya ba.
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.
"Wa ya ce maka ana kallon faifai duka?
Ja kaɗan gefe da yatsa,
lomar da ido zai iya haɗiya.
Sauran su jira, ba gudu za su yi ba."

Daren nan na saci rezar Baba.
Na farke kwalin sukari,
na yanka taga, tsawon ɗan yatsa,
na kifa ta kan littafi.
Tsit.
Kasuwa ta watse, saura mutum huɗu a tsaye,
suna jira in gaishe su ɗaya bayan ɗaya.
Na karanta: akuya ta tsallake rafi.
Ashe duk yaƙin shekara uku
a kan akuya ake yi!

Mushe ya kama kwalin, ya ɗauka satar amsa ce.
Ya juya gaba, ya juya baya,
bai ga komai ba sai rami.
Ya kwana da shi a aljihu.
Da safe ya ajiye min a tebur, bai dube ni ba,
amma daga ranar rubutunsa ya yi gwaɓi,
tsakanin layi da layi jaki zai wuce da kaya.
Na bar kujerar bakin taga, na koma jikin bango.
Abin da ya yi tsawo, Barau ya karanta a kunnena,
ni kuma in biya shi da lissafi.

Kada ka ce na warke.
Har yau ni ne na ƙarshen gama shafi.
Ni ke riƙe da littafin sikelin auduga,
suna a hagu, kilo a dama,
tagata ta koma ta gwangwani don kwali ba ya jure zufa.
Manoma kan yi tsaki a layi,
amma ba wanda na taɓa ba wa kilon wani.

Gwaggo ta rasu tana zaton
tsintar shinkafa kawai ta koya min.
Kasuwar kuwa tana nan tana ci a kowace takarda.
Ni dai rumfa ɗaya nake shiga,
in gama ciniki,
sannan in matsa.